Yadda ake ɗaura wa mota sabuwar salansa a gida

Salansa a rataye take a ƙarƙashin mota, ba a ɗaure take kam ba. Tana lilo a kan robobi, tana bin girgizar inji, kuma idan ta ɗauki zafi tana ƙara tsawo. Bututun ƙarfe marar tsatsa mai tsawon mita 3 yakan miƙe da kusan santimita ɗaya da rabi idan ya yi zafi sosai. Yawancin kurakuran da ake yi wajen ɗaura sabuwa, daga ƙarar gwaf-gwaf a jikin bodi zuwa tsagewar walda, daga manta wannan suke fitowa.

A Zariya abubuwa uku ne suka fi kashe salansa. Na farko gajeriyar tafiya: motar da iyakarta daga Gyallesu zuwa Kongo ko daga Hanwa zuwa PZ ba ta yin zafin da zai ƙone ruwan da ke taruwa a cikin tukunyar salansa, sai tsatsa ta ci ta daga ciki. Na biyu buguwa, ko a tudun rage gudu na hanyar Samaru ko a kwazazzaban unguwa lokacin damina. Na uku kuwa tun daga waje motar take zuwa da shi, domin motocin Beljiyam da suka yi zama a Kanada ko arewacin Amurka sun sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma notunansu sukan zo a cinye.

Iyakar aikin gida

Daga inji zuwa baya, hayaƙi yana bi ta manifol, wato bututun da ke tattara shi daga jikin inji, ya shiga bututun gaba mai ɗauke da raga mai lanƙwasuwa, ya ratsa tukunyar tace hayaƙi da makanikai ke kira indomi, ya wuce ƙaramar tukunya ta tsakiya, ya ƙare a babbar tukunya ta baya. Abin da mutum zai iya yi a ƙofar gidansa shi ne canza duk abin da ke bayan indomi, ko kuma tukunyar baya kaɗai. Manifol kuwa a bar wa gareji, domin idan noti ya karye a cikin kan inji aikin ya wuce na sufana.

Indomi kuma a bar shi inda yake. Akwai mai cewa a fasa shi mota ta ƙara ƙarfi, alhali tsadar ƙarafan cikinsa, irin su filatinom da faladiyom, ita ce ta sa ake kwaɗayinsa. Idan aka cire shi, sensa ta biyu, wadda ke auna hayaƙi a bayan indomi, takan kunna wutar cek-injin da lambar P0420, hayaƙi ya yi wari, kuma gubar da ya kamata ya ƙone ta fita kai tsaye.

Kafin a biya kuɗi

A leƙa ƙarƙashin motar da tocila tukuna. Ana son a san yadda tsohuwar take haɗe da indomi: da faranti biyu masu noti, ko bututu a cikin bututu da kilam (maɗaurin ƙarfe mai matse su), ko kuwa an riga an yi mata walda. Motoci da yawa a garin nan sun taɓa shiga hannun mai walda, an yanke farantin an like bututun gaba ɗaya. Irin wannan sai an yanka, kuma sai an sayi ɗan guntun bututun haɗi. Gara a san haka tun kafin a shiga kasuwa.

A ɗauki hoton kowace mahaɗa da kowace roba. A auna kaurin bututu: a zagaya shi da zare, a auna zaren, a raba da 3.14. Injin silinda huɗu mai lita 1.6 zuwa 2.0, kamar na Corolla, Civic ko Golf 3, bututun inci 2 zuwa 2.25 ya ishe shi. Injin V6 na Camry ko Accord zai ɗauki inci 2.5. Ɗaura wa ƙaramin inji bututun inci 3 ba ya ƙara masa komai, sai ma ya rage wa hayaƙi gudu, motar ta yi nauyi wajen tashi, ga ruri a cikin kunne.

Sunan mota kaɗai ba ya isa wajen saye. Accord ta 2003 zuwa 2007 ta Amurka mai silinda huɗu bakin salansa ɗaya gare ta, mai V6 kuma biyu. Peugeot 406 salun da wagon ba tsawonsu ɗaya ba daga baya. Samfurin Amurka da na Turai na mota ɗaya sukan bambanta wajen lanƙwasar bututu da wurin ƙugiya. Ko a Sabon Gari za a saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko a yi oda, a je da shekarar mota, girman inji da hotunan nan, a kuma yi magana da mai shago cewa za a dawo da ita idan ba ta zauna ba.

Maganaɗisu yana taimakawa wajen gane ƙarfe. Marar tsatsa mai lamba 304, wanda ya fi daɗewa, maganaɗisu ba ya kama shi sosai. Mai lamba 409 yana kamawa, yakan yi ja-ja a sama amma ba ya hujewa da wuri. Baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti mai ƙyalli shi ma yana kamawa, kuma shi ne mai saurin mutuwa. A duba lanƙwasar: mai kyau kaurinta ɗaya ne har ta gama juyawa, marar kyau takan tsuke ta yi tamoji a ciki.

Batun ƙara kuma a yi tunani. Tukunyar da ake hango haske ta cikinta daga baki zuwa baki mai ƙara ce. Daɗin ta na kwana biyu ne, amma wanda zai kama hanyar Kaduna ko Kano zai sha rurinta tun daga Kwangila, kuma maƙwabci mai jinya ko mai jariri yana da haƙƙi a kan wanda ke tayar da mota da asuba. Barin ƙaramar tukunya ta tsakiya yana rage wannan ruri ƙwarai.

Kayan aiki

Jak mai ƙarfi da ƙafafun tsayar da mota na ƙarfe, aƙalla biyu, huɗu sun fi, masu ɗaukar tan 2 zuwa sama. Soket lamba 10, 12, 13, 14, 15 da 17, tare da rachet da abin ƙara masa tsawo, da dogon hannu na karya noti. A nemi soket mai kusurwa shida, domin mai kusurwa goma sha biyu shi ke goge kan notin da ya yi tsatsa. Sufanu masu zobe na lambobin nan. Sufana lamba 22 idan akwai sensa a ɓangaren da za a cire. Man fesa tsatsa irin WD-40 ko wanda ya fi shi ratsawa, buroshin waya, guduma, kurfi, zarton ƙarfe da sabon haƙori, babbar filaya, doguwar sukundireba, ruwan sabulu a roba, wayar ɗauri, da giris mai jan ƙarfe wanda ke jure zafi. Tabarau dole ne, saboda garin tsatsa a ido yake sauka kai tsaye ga mai kwance a ƙasa. Safar hannu ma haka.

A sayi sabon gasket, wanda ke toshe tsakanin faranti biyu, sababbin noti da bol, da sababbin robobin rataya a tafiya ɗaya da salansar. Tsohon gasket ya riga ya ɗauki siffar tsohon faranti, ba zai sake toshewa ba. Kada kuma a fara aikin ranar Lahadi, domin shagunan kayan mota da yawa a Sabon Gari a rufe suke, kuma abu ne mai sauƙi bol ɗaya ya karye ya tsayar da komai.

Daren jajibere

A goge kowane noti da buroshin waya har zarensa ya fito, a fesa masa mai, a bar shi ya kwana. Da safe a sake fesawa. Wannan minti goma yakan rage awa biyu na kokawa. Motar ma ta kwana a wurin da za a yi aikin, domin indomi yana wuce digiri 400 idan yana aiki, kuma yakan daɗe bai huce ba.

Ɗaga mota

A sami daɓen siminti mai lebur. Idan ƙasa ce, a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin kowace ƙafar ƙarfe, musamman da damina da ƙasa ke da laushi. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya ko P, a yi wa tayoyin da ke ƙasa waigi gaba da baya. A ɗaga a wurin da kamfani ya tanada a gefen shasi, a zura ƙafafun, a sauke nauyin motar a kansu. Tsayin santimita 40 zuwa 45 ya isa mutum ya juya hannu. Sannan a kama motar a girgiza ta da ƙarfi. Idan za ta motsa, ta motsa yanzu.

Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma ba a ɗora ta a kan bulo. Bulon siminti ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi lokaci ɗaya, kuma aikin salansa aiki ne na ja da girgiza. A tura tayar ko-ta-kwana a ƙarƙashin gefen motar don ƙarin tsaro, kuma a tabbata akwai wani a kusa. Wanda ya samu aron rami a wurin wankin mota ko garejin unguwa ya huta da duk wannan.

A sa ƙafafun a jikin shasi, ba a ƙarƙashin aksil na baya ba. Idan tayoyin baya suka sauko suna reto, sarari yakan buɗe tsakanin aksil da bodi, kuma ta nan ne bututun zai fita.

Cire tsohuwa

Nan ne aikin yake. Idan akwai sensa a ɓangaren, a fara zare soket ɗin wayarta, sannan a kwance ta da lamba 22. Wanda ya kwance ta da waya a haɗe zai murɗe wayar ta tsinke daga ciki. A ajiye ta inda mai ko ƙasa ba za su taɓa kanta ba.

A tallafe bututun da jak da ɗan katako, ko a ɗaure shi da waya a jikin shasi. Haka kuma a tallafe indomi, domin da zarar an raba su nauyinsa zai koma kan ragar gaba, kuma idan ta yage an ƙara wa kai wani kashe kuɗin.

A zo kan notin faranti. A buga soket ya zauna har gindi. A fara ɗan ƙara ɗaure notin kaɗan har a ji ya yi ƙas, sannan a juya shi baya. Idan ya taho ya sake cijewa, kada a yi masa dole: a mayar da shi, a fesa mai, a sake dawowa, ana gaba ana baya har zaren ya share kansa. Ja a hankali da dogon hannu ya fi fizga. Notin da tsatsa ta cinye har lamba 14 ta yi masa yawa, a buga masa lamba 13 da guduma. Idan ya ƙi duk da haka, a tsaga shi da kurfi ko a yanke bol ɗin da zarto, tunda dama sabo za a sa.

Wuta tana kwance noti, amma ƙarƙashin mota akwai tankin mai da bututun fetur da na birki. Wanda bai saba ba ya bar ta. Giranda ma tartsatsinta yana tafiya nesa, don haka zarton hannu ya fi aminci kusa da tanki, ko da zai ci lokaci.

Idan bol ɗin irin wanda aka dasa a jikin faranti ne kuma ya karye, a buge guntun da guduma da fanci, a tallafe bayan farantin da babban soket don kada ya lanƙwashe. Idan bai fita ba a huda shi, a zura bol na yau da kullum mai kaurin milimita 10 wanda aka rubuta 8.8 ko 10.9 a kansa.

Mahaɗar bututu a cikin bututu takan like saboda kilam mai siffar U ya matse ta ya yi mata wuya. A cire kilam ɗin, a tsaga bututun waje a tsaye da zarto ko kurfi kamar santimita 5, a buɗe tsagar da sukundireba, a riƙa murɗawa ana ja. A kula kada a ji wa bututun ciki, wanda zai zauna.

Idan walda aka yi, sai a jera sabuwar salansa a ƙasa daidai ƙarƙashin tsohuwar, a ga inda za ta kai, a yi alama da alli, sannan a ƙara santimita 5 a kan abin da zai rage a jikin mota. Ragewa daga baya abu ne mai sauƙi, ƙarawa kuwa sai mai walda. A yanka a miƙe, a goge bakin da fayil.

Robobi su ne na ƙarshe. A zuba musu ruwan sabulu, a tura ƙugiyar da filaya ko a ɓanɓare da sukundireba, a fara daga gaba a ƙare a tukunyar baya, mutum ɗaya yana riƙe da ita. Kada a shafa musu baƙin mai ko giris, domin suna cin roba ta kumbura ta saki. Idan tsohuwar ta ƙi ratsa saman aksil, kuma ba a da niyyar sake amfani da ita, a raba ta biyu.

Rataya sabuwa

A jera tsohuwa da sabuwa gefe da gefe a ƙasa, a gwada tsawo, lanƙwasa da wurin ƙugiyoyi. Bambancin da ya wuce santimita 2 ko 3 a wurin ƙugiya yana nufin ba ta motar ba ce, kuma yanzu ne za a iya mayar da ita, tun ba ta yi baƙi ba. A goge fuskar farantin indomi da buroshi da sanfefa har ta yi sumul. A zura kilam a jikin bututu tun a ƙasa, saboda bayan an haɗa babu ta inda zai shiga.

Ƙa'idar ita ce kada a ɗaure komai sai komai ya hau. A fara ratsa bututun da ke bi ta saman aksil, a rataya tukunyar baya a robobinta, a rataya ta tsakiya, sannan a kawo farantin gaba a sa gasket a ɗaura noti da hannu kawai. Kowane zare a shafa masa ɗan giris mai jan ƙarfe. Bututun da ke shiga cikin wani ya shiga aƙalla santimita 5.

Toyota da Honda da yawa suna amfani da gasket mai siffar zobe da bol mai sifirin. An yi wannan mahaɗa ne don ta riƙa motsi idan inji ya girgiza. Wanda ya jefar da sifirin ya sa bol na kasuwa ya matse, ya mayar da girgizar kan walda da manifol, kuma wata rana ɗayansu zai tsage. A sa zoben ta fuskar da tsohon ya fito.

Man toshe salansa ana iya shafa shi siriri a mahaɗar bututu da ke bayan indomi. Gaba da indomi ko kusa da sensa ba a sa shi, domin ɓarɓashinsa yana toshe ramukan indomi, silikon kuma yana kashe sensa.

Yanzu a daidaita. Ko'ina a bar tazarar yatsu biyu, kamar santimita 2 zuwa 3, tsakanin bututu da bodi, aksil, shokoba da tanki, kuma fiye da haka kusa da tiyon birki da wayoyi. Farantin kare zafi da ke tsakanin salansa da tanki ko ƙasan mota a mayar da shi, ko da ya tsufa. A tuna kuma tayoyin baya suna reto ne yanzu. Idan motar ta sauka aksil zai hau sama, kuma zai ƙara hawa idan an ɗauki mutum biyar da buhun masara. Robobi kuwa su ɗan karkata zuwa gaban mota yayin da ƙarfen yake da sanyi, ta yadda idan ya miƙe baya za su tsaya daidai. Kowace roba ta ɗauki nauyi. Wadda ta yi sako-sako ta bar wa 'yar'uwarta aiki, wadda kuma aka ja ta da ƙarfi kafin ta shiga ba za ta yi wata uku ba.

A sa wani ya tsaya a bayan motar ya riƙe bakin salansa a tsakiyar gurbin bamba, kada bakin ya taɓa robar bamba, ya kuma ɗan leƙo waje don hayaƙi kada ya taru a ƙarƙashin but. Yana riƙe, sai a fara ɗaurewa daga gaba zuwa baya. Notin faranti biyu ana ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don gasket ya kwanta daidai. Ga mai sufanar auna ƙarfi, bol mai sifirin na Toyota da yawa 43 Nm ne, sensa kuma kusan 44, amma takardar da ta zo da kayan ita ce gaba. Kilam mai faɗi irin na ɗamara ya fi mai siffar U, domin ba ya lotsa bututu, kuma gobe za a iya kwancewa. A juya notin kilam zuwa gefe. Idan yana kallon ƙasa shi ne abu na farko da tudun hanya zai kama.

Idan dole sai an yi walda, a haɗa komai da kilam a tuƙa zuwa wurin mai walda, a cire kan batir na negetif kafin ya fara, kuma ya maƙala wayar at ta injin waldarsa a jikin bututun kusa da inda yake aiki.

Gwaji

A kama bakin salansa a girgiza ta hagu da dama, sama da ƙasa. Kada a ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. A tayar da inji a fili, ba a cikin rufaffen gareji ko zaure ba, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Cikin minti biyun farko, kafin bututu ya yi zafi, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. A sa wani ya danne bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku: inda ke yoyo zai yi kumfa ko ya yi tsaki. Ɗigon ruwa daga baki ko daga ɗan ramin da ke ƙasan tukunya ba matsala ba ne. Ɗan hayaƙi da ƙauri a rabin awa na farko man masana'anta ne ke ƙonewa, kuma marar tsatsa zai koma ruwan zinariya.

A sauke motar, a sake leƙa tazarar aksil, a zagaya unguwa a hau tudu ɗaya ko biyu a hankali. Ƙarar gwaf a kan tudu tana nufin bututu yana taɓa aksil ko bodi. Kakkarwa a silo, wato inji na aiki mota na tsaye, musamman idan an sa giya ana taka birki, yawanci farantin kare zafi ne ko ƙugiya da ke gogar shasi. Tas-tas da safe wanda ke ɓacewa idan inji ya yi zafi yoyon gasket ne, kuma baƙin toka a gefen faranti zai nuna wurin. Wutar cek-injin bayan aikin tana nuna an manta soket ɗin sensa, ko iska tana shiga ta wata mahaɗa kusa da ita. Warin hayaƙi a cikin mota kuwa ba a tafiya da shi: a sauke gilasai, a koma gida a nemo yoyon a ranar.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ko kwana uku na zirga-zirga, a bar motar ta huce a sake bin kowane noti da kilam da sufana, domin gasket yakan ƙara kwanciya bayan ya sha zafi da sanyi. A sake duba bakin salansa ko yana nan a tsakiyar gurbinsa. Idan ya karkata, a sassauta kilam na baya, a juya tukunyar, a ɗaure.